Yara shida a shago, kowa da inda ya sa gaba: amsa ga wani Alhaji a Kantin Kwari

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da shaguna biyu a Kantin Kwari da sito ɗaya. Atamfa nake sayarwa da shadda da leshi, sari da ɗai-ɗai. Yarana shida: ƙanena, da ɗan yayata, da wani da ya shekara tara a hannuna, sai sababbi uku, ɗaya daga cikinsu shi ke kula da masu saye ta WhatsApp. Ban da kuɗin abinci da na mota, ina ba kowa naira 200 a kan duk turmin da ya sayar. Ciniki alhamdu lillahi, amma yaran ba sa ga maciji da juna. Ƙwacen kwastoma suke yi, sito a hargitse, kaya na ɓata ba a san inda suka shiga ba, kuma duk wanda ya sami sarari sai ya kawo mini ƙarar ɗan'uwansa. Kwanan baya an gaya wa wata Hajiya daga Damagaram farashi biyu a rana ɗaya, tun daga nan ba ta sake leƙo mu ba. Na yi nasiha har na gaji. Ina tunanin in kori sababbin nan in sa kyamara. Mece ce shawara?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema.

Ka dakata da maganar kora tukuna. Idan ka sallami sababbin nan uku gobe ka ɗauko wasu, ina tabbatar maka kafin wata biyu za su koma irin na da, domin abin da ke haɗa su faɗa yana nan a cikin wasiƙarka, kai da kanka ka rubuta shi: naira 200 a kan kowane turmi. Da baki kana ce musu su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, amma yadda kake biyansu yana ce wa kowa ya yi ta kansa. Nasiha sau ɗaya a mako yaro yake jin ta. Aljihunsa kuwa kullum yake shafawa.

Dubi yadda abin ke faruwa a ranar kasuwa. Da hantsi wata Hajiya ta shigo, yaro ɗaya ya tare ta. Ya sauko da wannan, ta ce kalar ta yi duhu. Ya hau ya ciro wancan, ta ce zanen ya yi yawa a gari. Ya warware, ya ninke, ya aika a kawo mata ruwa, har kusan awa guda. Daga ƙarshe ta ce bari ta zaga ta dawo. Bayan Azahar ta dawo, shi kuma ka aike shi sito. Wanda ta tarar a zaune ya ƙirga mata turmi ashirin cikin minti biyar, ya rubuta da sunansa, ya tashi da naira 4,000. Na farko ya dawo da gumi da kaya a ka, ya ji labari. Me ya koya? Ya koyi cewa zuwa sito asara ne. Gobe in ka ce wa zai je ya ɗauko kaya, kowa sai ya duƙar da kai yana latsa waya. Ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma lissafinsu daidai yake.

Haka duk sauran aikin da ba ya kawo ɗari biyu. Ƙirga dila idan an kwance ta, jera kaya a kanta, bin ɗan dako zuwa tasha a ga an loda kayan kwastoma an karɓo lambar direba, bin bashi, ɗora kaya a kan katako kafin damina ta kankama. Wanda ya ga ambaliyar da ta shiga Kwari a watan Agustan 2022 ya san abin da ruwa ke yi wa atamfar da aka bari a ƙasa. To a tsarinka na yanzu, wa aka biya ya damu da wannan? Babu. Shago kuwa da irin wannan aikin yake tsayuwa, sayarwa ita ce matakin ƙarshe.

Ga abin da zan ce ka gwada, kuma ba zai ƙara maka ko kwabo a kan abin da kake kashewa ba. Raba ɗari biyun nan gida biyu. Naira 50 ta tafi ga wanda ya sayar, don kada zafin nema ya mutu. Naira 150 ta shiga asusun haɗin gwiwa da za a raba ƙarshen wata, har da wanda ya yini a sito da wanda ya yini a tasha. A ce a wata kun fitar da turmi 800. A da naira 160,000 kake rabawa, yanzu ma ita ce: 40,000 ta bi masu sayarwa, 120,000 ta zauna a asusu. Manyan biyu, ƙanenka da tsohon yaronka, kaso bibbiyu. Sauran huɗun kaso ɗai-ɗai. Kaso takwas ke nan, kowanne naira 15,000. Misali kawai na bayar, ka sa alƙalumanka na gaskiya ka gani. Abin da nake so shi ne, idan Hajiya ta dawo bayan Azahar ta sayi turmi ashirin, wanda ya sha wahalarta da safe ya san yana da rabo a ciki ko yana sito.

Za ka ce ai malalaci zai laɓe a bayan masu ƙoƙari. A kamfani mai mutum ɗari biyu wannan damuwa ce ta gaske. A mutum shida da ke kallon juna daga safe zuwa Magariba, da wuya. Su da kansu za su fara tsikarar wanda ke jan ƙafa, domin yanzu aljihunsu yake taɓawa. Ka dai ƙara sharaɗi ɗaya: ranar da mutum bai zo ba babu uzuri, ko ya zo bayan an gama buɗe shago an jera kaya, ana cire ta daga kasonsa na asusun. Kuma ka sani akwai wanda sabon tsarin zai rage wa samu a watan farko, wato gwanin ƙwacen kwastoman. Kira shi gefe tun kafin ka sanar, ka yi masa bayani. In mai hankali ne zai gane. In ya ce shi sam, to ka san wanda ke cin ribar rikicin.

Sai dai kafin nan ka tambayi kanka ko abin da yaro ke tafiya da shi gida yana riƙe shi. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka ba ta kama ka ba, amma mai awo da mai adaidaita sahu ba ruwansu da wannan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke tahowa daga Rijiyar Zaki ko Hotoro ya san abin da kuɗin mota ya zama. Idan kuɗin motar da kake bayarwa na shekarun baya ne, yaro zai cike giɓin, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya ɗora wani abu a kan farashi ya soke. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Mu 'yan kasuwa muna son kawo hadisin amana idan muna yi wa yara faɗa, wannan kuwa sai mu tsallake shi.

Wannan ya kawo mu kan Hajiyar Damagaram. Farashi biyu a rana ɗaya, ko dai wani ya ɗora nasa, ko kuwa su biyun duk gaskiya suka faɗa, kowa abin da ya ji daga bakinka. Na fi zargin na biyun. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a tsakiyar 2023, an yi lokacin da kayan da ake shigo da su ke sauya kuɗi kusan kowane mako, wani lokaci a yini. Maigida ya ji sabon farashi a waya, ya gaya wa yaron da ke kusa da shi, ya wuce. Na ɗaya shagon bai ji ba. Kwastoma ta taya a nan, ta taka zuwa can, ta ji wani abu dabam. Ita ba za ta ce ba a sanar da yaro ba ne. Cewa za ta yi an so a cuce ta. Kuma baƙin da ke zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru a mota ɗaya suke tafiya, a masauki ɗaya suke kwana. Abin da aka yi wa ɗaya, goma sun ji.

Farashi ya bar kanka ya koma takarda. Kowane kaya lamba uku: na sari, na ɗai-ɗai, da ƙarshen ragin da yaro zai iya yi ba tare da ya kira kowa ba. Ƙasa da haka, mutum ɗaya tak a kowane shago ke da ikon sallamawa. Ka buɗe zaure ɗaya a WhatsApp na ku bakwai, duk canjin farashi a can zai fara fita, da safe kafin kasuwa ta ci, kuma abin da ba a sa a can ba, bai canza ba. Kada ka bari zauren ya zama wurin tura bidiyo da barka da Juma'a, don saƙon da ya dace zai nutse. Ita kuwa Hajiya, in kana da lambarta, kai da kanka ka kira ta. Ba aikin yaro ba ne.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba amma na san Kwari: ka-yi-na-yi. Kwastoma ya nemi abin da ba ku da shi, yaro ya ce ina zuwa, ya zaga shagon maƙwabci ya karɓo, ya ɗora la'adarsa. A kanta ba laifi ba ce, hasali ma tana riƙe kwastoma. Matsalar ita ce idan yaro ya ga la'adar waje ta fi ɗari biyunka, sai ya fara kushe kayan shago yana tallata na maƙwabci, sauran kuma suna gani suna ƙullata. Kada ka ce ka hana, ba za ta hanu ba. Ka ce a yi a fili, a rubuta, wani kaso ya shiga asusun kowa.

Yanzu maganar da na fi ganin nauyinta, kuma wadda na san ba ka so a taɓa. Idan ka tafi Legas ko ka kwanta rashin lafiya, wa ke da shago? Na tabbata ƙanenka yana ganin shi ne, domin dukiyar yayansa ce. Tsohon yaronka ma yana ganin shi ne, domin shi ya san wane kwastoma ake ba bashi, wane ne in ya ce gobe to sai bayan Sallah. Sababbin suna tsakiya: wannan ya ce a sauko da kaya, wancan ya ce wa ya sa ku. Daga nan sai su rabu gida biyu, kowa ya zaɓi uban gidansa. Rabin ƙarar da ake kawo maka daga nan take tasowa. Hadisi ya ce idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Tafiya ke nan ta kwana biyu, balle shagon da ake juya miliyoyi.

Allah ya taimake ka shagunanka biyu ne. Ka ba ƙanenka ɗaya, ka ba tsohon yaron ɗaya, kowa da yaran da ke ƙarƙashinsa, kowa da littafinsa. Sito kuma ka ɗora mutum ɗaya a kai da mukulli. Kuma ka faɗi wannan a gaban kowa, a zaune, da sunaye. Mu Hausawa muna da kara, muna son mu bar magana a dunƙule don kada wani ya ji ba daɗi, sai mu ce ai kowa ya san matsayinsa. Ba su sani ba. Kunyar minti goma da kake gudu ita ta haifar maka da rigimar shekara. Bayan ka naɗa su kuma, kada ka warware hukuncinsu a gaban yara. Idan tsohon yaronka ya ce ba za a ba wane bashi ba, wane ya zagayo ta wajenka ka ce a ba shi, ka kashe shi ke nan. Gobe ba wanda zai saurare shi. In ya yi kuskure, ku gyara ku biyu.

Game da ƙanenka, akwai tambayar da ya kamata ku amsa tun kuna shiri: ma'aikaci ne ko abokin tarayya? Idan akwai kuɗinsa a ciki, ko na gado da ba a raba ba, to tarayya ce, a rubuta nawa ne nasa, kaso nawa yake da shi a riba, da shaidu. Idan kai ne mai jari shi kuma mai juyawa, wannan shi ne ƙiradi a fiƙihunmu na Malikiyya, kuma yana da ƙa'ida: rabonsa kaso ne daga riba, kamar sulusi ko rabi, ba wani adadi tsayayye ba, kuma in aka faɗi ba tare da sakacinsa ba, asarar jari a kan mai jari take. Idan kuwa albashi yake karɓa, to ma'aikaci ne, ba ya zura hannu a aljihun tebur ya ce a rubuta. Ku je wurin malamin da ya san babin ciniki ya zaunar da ku. Yaran da ba dangi ba suna lura da wannan fiye da yadda kake zato. Ranar da suka ga ƙanen maigida ya ɗebi kuɗin cefane ba a rubuta ba, duk wa'azin amanar da za ka yi musu ya zama iska.

Ɗan yayarka fa? Ba ka ce komai a kansa ba, shirun nan ma ya ba ni amsa. In shi ne mai zuwa ƙarfe sha ɗaya, wanda ba mai iya yi masa magana don kada Yaya ta bugo waya da daddare, to ka fara da Yayar. Ka je gida, ka gaishe ta, ka ce kana so yaron nan ya zama mutum, kuma ba zai zama ba sai an bi da shi yadda ake bi da kowa, ka nemi ta sa maka hannu. Yawanci iyaye mata in aka zo musu ta wannan ƙofar suna ba da goyon baya. In abin ya ƙi, ra'ayina shi ne gara ka riƙa ba shi wani abu duk wata daga aljihunka da sunan zumunci, ko ka biya masa kuɗin koyon wata sana'a, da ka bar shi a shago yana karya gwiwar mutum biyar. Zumunci wajibi ne, amma ba dole sai a cikin shago za a sada shi ba.

Ƙarar da suke kawo maka kuwa, Alhaji, ka yi haƙuri, kana saye ne shi ya sa ake kawowa. Mai yiwuwa kana ganin dabara ce, kowa na sa wa kowa ido, kai kuma kana jin komai. Abin da kake ji ba komai ba ne, abin da kowa ya ga zai ɗaga shi ya kayar da wani ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a yi bincike idan an zo da labari. Daga yau duk wanda ya ce wane ya yi kaza, ka ce madalla, kira shi mu ji. Sau biyu za ka yi haka, kashi mafi yawa na ƙarar zai ɗauke. Banda zargin sata ko ha'inci: wannan ka saurara a asirce, kada ka fallasa wanda ya gaya maka, kada kuma ka yanke hukunci sai littafi da ƙirga sun tabbatar. A madadin raɗa, ku riƙa zama minti goma sha biyar sau ɗaya a mako, da safe. Me ya ƙare, me ya ƙi tafiya, wa ake bi bashi, wane kwastoma ya yi ƙorafi. Ka bari ƙaramin cikinsu ya fara magana, domin in kai ka fara, kowa zai ce haka ne Alhaji. Sababbin nan su ke tsaye a bakin shago, su ke jin abin da mata ke tambaya ba a samu ba. Kuma don Allah a daina yi wa yaro tsawa a gaban kwastoma. Wanda aka muzanta ba ya mayar wa maigida, a kan na ƙasa da shi yake hucewa.

Ɓatan kaya ba lalle sata ba ne. Sau da yawa ga yadda yake: shagon ƙasa ya aiko a karɓi turmi biyar daga na sama, ana cikin ciniki, aka miƙa ba a rubuta ba. Ko maƙwabci ya karɓi biyu zai nuna wa kwastoma, ya dawo da ɗaya. Ko an ba wata dillaliya ta kai gidan biki, wanda ya ba ta ya manta. Ƙarshen wata kaya ba su cika ba, kowa na kallon kowa, sabo kuma shi ake fara zargi don ba shi da mai tsaya masa. In ma akwai mai ɗauka, to in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Littafi ɗaya a sito: kwanan wata, irin kaya, adadi, wa ya karɓa, sa hannu. Ko kai ne ka zo ɗauka, ka sa hannu, a gabansu. Ƙirga kaya duk ƙarshen wata, mutum biyu, ɗaya ba daga shagon da ake ƙirgawa ba. Bashi kuma kowane iri a rubuta shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka ba wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne.

Kuɗi ma haka. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma taransfa da POS, kuma shaguna da yawa sun saba da yaro ya ba da lambar asusunsa idan na maigida ya ƙi shiga. Ka rufe wannan ƙofa. Yi wa kasuwancinka rajistar suna a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, in ba ka yi ba, ka buɗe asusu da sunan shago, ka ƙara na biyu a wani banki saboda ranar da netwok ya ɗauke. A liƙa lambobin a bango. Kaya ba sa fita sai an ga kuɗi sun shiga a asusun, ba hoton rasit a wayar mai saye ba. Wannan kariya ce ga yaran kansu, domin wanda kuɗin shago bai taɓa bi ta asusunsa ba, ba a yi masa ƙazafi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kaya sun ɓata, a raba asarar a yanke wa kowa. A shari'a ma'aikacin da ka ɗauka amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ta'adi, dokar ƙwadago ta ƙasa ma ta taƙaita yankan albashi. Ban da haka, mai gaskiyar da aka yanke wa kuɗin abin da bai ci ba, ka koya masa cewa gaskiya ba ta da riba. Juya abin: watan da ƙirga ta cika cif, ka ɗora wani ɗan ihsani a kan asusunsu.

Kyamara ka sa in kana da hali, tana da amfani ko don masu shigowa daga waje. Amma ba ta gaya maka dalilin da ya sa ba wanda ke son zuwa sito, kuma ba a kanta za ka yini ba.

Yaron WhatsApp ɗin nan, ina jin sauran suna ganin wasa yake da waya a inuwa. Nuna musu adadin abin da ya shigo ta hannunsa a wata. Shi kuma ya sani hoton da yake ɗauka, da kayan da ake ɗaure masa a kai tasha, guminsu ne, shi ya sa cinikinsa ma asusun kowa zai shiga. Layin da wayar su zama na shago. In na kansa ne, ranar da ya tafi da kwastomominka zai tafi.

Saura tsohon yaronka. Shekara tara, Alhaji. Ka taɓa zama da shi ka gaya masa inda tafiyar nan za ta kai shi? 'Yan kasuwar Ibo da ke Sabon Gari tun ranar da aka kawo yaro ake yanke shekarun da zai yi, da cewa za a sallame shi da jari. A wurinmu an fi barin abin ga ranar da Allah ya nufa da kuma halin maigida. Ba haka manyanmu suka gina Kano ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya yi ƙarfi: yana ba mutanensa jari su shiga garuruwa sayen gyaɗa da sauran kaya, su ci, shi ma ya ci. Yaron da bai san ranar sallamarsa ba, shi zai sallami kansa a hankali. Zai fara ajiye lambobin kwastoma, ya ƙi koya wa sababbi abin da ya sani don kada a maye gurbinsa, ya ga duk wanda ya iya aiki a matsayin barazana. Ba na cewa naka haka yake, amma in haka ne ban ga laifinsa sosai ba. Ka yanke masa lokaci: shekara biyu, ko uku, shago na biyu ya koma hannunsa bisa ƙiradi, ko ka ba shi kaya bashi ya buɗe nasa yana sari a wurinka. Ka haɗa da sharaɗin cewa kafin lokacin ya horar da wanda zai gaje shi. Daga ranar, koyar da sababbi ya zama hanyar fitarsa. Su ma sababbin za su ga cewa zama a wurinka yana da ƙarshe mai kyau.

Kada ka sauke duk wannan a rana ɗaya, kuma kada ka fara a tsakiyar cinikin azumi, lokacin da ba mai sararin ɗaga kai. Fara da ƙirga kaya gaba ɗaya, ka ce abin da ya wuce ya wuce, daga wannan adadi za a kama lissafi. Mako na gaba ka naɗa shugabannin shaguna da mai sito, ka fitar da takardar farashi. Sabon rabon kuɗi ya fara ranar ɗaya ga wata, bayan ka yi magana da ƙanenka da tsohon yaron kowa shi kaɗai. Ka ba abin wata uku. In bayan nan akwai wanda har yanzu ke ɓoye kwastoma, ko yake ƙin sa hannu a littafin sito, ka ja masa kunne sau ɗaya a gaban shugaban shagonsa, in ya sake ka biya shi haƙƙinsa cif ka sallame shi, sabo ne ko ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa mai albarka.